Sha'awa Bayan Shaƙuwa: Tarihin Wata Tuta da Kalmar da Ta Haife Ta

Tuta ce mai launi huɗu. Daga gefen da ake ɗaura ta a sanda akwai baƙar alwatika, tsininta yana nuni zuwa tsakiyar ƙyallen. Sashen sama fari ne fat, na ƙasa ruwan toka, sai wani siririn ratsi mai launin shunayya da ya raba su biyu, ya taso daga tsinin alwatikar ya miƙe har bakin ƙyallen. Ba tutar wata ƙasa ba ce, ba ta jam'iyya ba, ba kuma ta ƙungiyar ƙwallo ba. Masu ɗaga ta mutane ne, akasarinsu a Amurka da Turai, waɗanda suke kiran kansu da wata kalma ta Ingilishi, wato demisekshuwal, kalmar da ba a san ta da wannan ma'ana ba kafin shekarar 2006.

Abin da kalmar take nufi a taƙaice shi ne mutumin da sha'awar jiki ba ta taso masa game da wani sai bayan shaƙuwa ta ƙullu tsakaninsu. Yana iya ganin kyawun fuska ko tsarin jiki ya yaba, kamar yadda ake yaba kyakkyawan gini ko saƙa mai kyau, amma ganin ba ya motsa shi. Sai an zauna, an saba, an san juna ciki da waje, sa'an nan sha'awar take iya zuwa, wani lokaci kuma ko an shaƙu ba ta zuwa. Ya kamata a lura tun da wuri cewa kalmar ba ta faɗi komai ba game da jinsin wanda ake so. Namiji mai son mace yana iya kiran kansa da ita, haka mace mai son namiji, haka kuma masu neman jinsi ɗaya. Maganarta a kan sharaɗin da sha'awa ke tasowa ne, ba a kan inda ta dosa ba.

Mun san cewa da jin wannan bayani, da yawa daga cikin masu karatu za su ce, to mene ne sabo a nan? Ashe ba wannan ne kamun kai ba? Ba ita ce kunyar da iyaye suka hore mu da ita ba? Tambayar tana da nauyi, kuma ba mu kaɗai muka yi ta ba, domin su kansu Turawa ita suka fara jefa wa masu wannan suna. Hasali ma, tarihin kalmar da tutarta duka ƙoƙari ne na amsa ta. Amsar da masu tutar suke bayarwa ita ce, akwai bambanci tsakanin mai azumi da wanda bai ji yunwa ba. Dukkansu ba su ci abinci ba, mai kallo daga waje ba zai iya raba su ba. Amma na farko yana jin yunwar yana danne ta saboda addini ko tarbiyya ko mutunci, na biyu kuwa babu abin da yake dannewa. Mai kamun kai zaɓi ya yi, kuma a kan zaɓin ne ake yaba masa. Wanda ake magana a kansa a nan cewa yake yi shi bai zaɓi komai ba, haka ya tarar da kansa. Yadda aka yi wannan ɗan siririn bambanci ya sami suna, har ya sami tuta, shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Daga aiki zuwa irin mutum

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, dokokin Turai da na coci a kan ayyuka suke magana: wane ya aikata kaza, hukuncinsa kaza. Ba a cika kasa mutane gida-gida bisa abin da zuciyarsu ke karkata gare shi ba. A shekarar 1868 wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hangare, Karl-Maria Kertbeny, ya ƙirƙiri kalmomi biyu cikin wata wasiƙa, ɗaya ta masu son jinsinsu, ɗaya ta masu son ɗaya jinsin, ya kuma fito da ta farkon fili a 1869 cikin wata ƙasida da ya rubuta yana sukar dokar Farusiya. Likitoci suka karɓi kalmomin, suka ɗora nasu a kai. Masanin falsafar nan na Faransa, Michel Foucault, ya nuna a littafinsa na tarihin jima'i na 1976 cewa a wannan zamani ne abin da a da aiki ne ya koma irin mutum, mai suna da siffa da tarihin rayuwa. Ko an yarda da Foucault ko ba a yarda ba, abu ɗaya a fili yake: da zarar an fara kasa mutane ta wannan hanya, kowa sai ya tambayi kansa a wane gida yake. Wanda bai ga gidansa ba kuwa, dole wata rana ya nemi a gina masa.

Mutumin da ya fara barin fili domin irin waɗannan, ba tare da ya yi niyya ba, shi ne Alfred Kinsey na Jami'ar Indiyana a Amurka. Masanin ƙwari ne tun asali, ya shafe shekaru yana tattara wani nau'in zanzaro yana aunawa, kuma da wannan ɗabi'a ta ƙidaya ya juya ga 'yan Adam. A littattafansa biyu, na maza a 1948 da na mata a 1953, ya jera mutane a kan ma'auni daga 0 zuwa 6, daga mai son ɗaya jinsin zalla zuwa mai son jinsinsa zalla. Sai ya ci karo da wasu da ba su hau ko'ina a ma'aunin ba, domin ba su ba da labarin wata hulɗa ko wani motsin sha'awa ba. Ya rasa lambar da zai ba su, sai ya sa musu harafin X ya ajiye su gefe. A lissafi X alama ce ta abin da ba a gano ba tukuna, kuma haka suka zauna shekara da shekaru.

Matsalar ma'aunin Kinsey ita ce layi ɗaya ne tak: yana auna inda sha'awa ta fuskanta, ba ya auna yawanta. A 1980 Michael Storms na Jami'ar Kansas ya kawo gyara, ya ce a auna sha'awar maza daban, a auna ta mata daban, ta yadda mutum zai iya zama sama a duka biyun ko ƙasa a duka biyun. Wannan ya ba mutanen X wuri a cikin taswirar, maimakon bayan gari. Sai dai a wannan shekara ta 1980 ɗin ne kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ƙarancin sha'awa cikin kundinta na cututtuka. Wato dai abin da wani masani yake gani a matsayin halitta, wasu suna rubuta masa magani. Ba a sassauta wannan ba sai a bugu na biyar na kundin, a 2013, inda aka bayyana cewa wanda ya ɗauki rashin sha'awa a matsayin halittarsa ba za a lissafa shi cikin marasa lafiya ba.

Adadi na farko da aka riƙa kafa hujja da shi ya fito ne a 2004. Anthony Bogaert na Jami'ar Brock a Kanada ya koma kan wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1994, wanda ya ƙunshi mutum sama da 18,000, ya tarar kimanin kashi 1 cikin 100 sun zaɓi amsar da ke cewa ba su taɓa jin sha'awar kowa ba. Wannan adadi ya yi yawo ƙwarai a jaridu. Amma a kula, na waɗanda ba su taɓa ji ba ne sam, ba na masu tutarmu ba. Su har zuwa lokacin ba su da suna.

Inda aka raɗa sunan

A 2001 wani ɗalibi a Jami'ar Wesleyan ta jihar Konetikat, David Jay, ya buɗe wani zaure a intanet domin mutanen da ba sa jin sha'awa, waɗanda ake kira asekshuwal. Sunan zauren a gajarce AVEN. Ma'anar da suka kafa a ƙofar shiga gajera ce: wanda ba ya jin sha'awar jiki game da kowa. Da jama'a suka yi yawa, sai aka fara samun waɗanda ma'anar ta yi musu kusa amma ba ta zauna musu daidai ba. Wani zai ce shekara ashirin da wani abu bai taɓa jin komai ba, har ya sakankance shi ɗan gida ne, sai ga shi bayan doguwar abota da wata, abin da bai taɓa ji ba ya zo masa, kuma game da ita kaɗai. To shi ina ya dosa? A kore shi daga zauren, alhali a sauran rayuwarsa duka da 'yan zauren ya yi kama? Ko a bar shi, ma'anar ta rushe?

Daga wannan muhawara ce aka sami hanyar raba sha'awa gida biyu. Akwai ta farko, wadda ke tasowa daga abin da ido ko kunne ko hanci ke iya ɗauka nan take. Akwai ta biyu, wadda ke tsirowa daga dangantaka, daga amana da sanin hali. Galibin mutane suna da duka biyun. Asekshuwal ba shi da ko ɗaya. Sai kuma wanda ba shi da ta farko amma yana iya samun ta biyu. A watan Fabrairu na 2006 wani ɗan zauren ya ba da shawarar a kira wannan na uku demisekshuwal, kuma zuwa 2008 kalmar ta kama bakin mutane a zauren. Gaɓar farko ta kalmar daga Faransanci take, ma'anarta rabi. A ganinmu ba a dace da wannan zaɓi ba, domin yana sa mai ji ya zaci rabin sha'awa ake nufi, ko rabin mutum. Masu sunan sun sha bayyana cewa idan sha'awar ta zo musu cikakkiya take zuwa, jinkirinta da sharaɗinta ne suka bambanta. Da a Hausa aka raɗa sunan da an huta, domin muna da shaƙuwa, kalmar da ta ɗauke ma'anar duka ba tare da ta raba kowa biyu ba.

Abin lura a nan shi ne, wannan suna ba likita ne ya sa shi ba, ba alƙali ba, ba kuma malamin jami'a ba. Yawancin sunayen ƙarni na 19 daga sama aka yi ta saukar da su a kan mutane, a asibiti ko a kotu. Wannan kuwa masu shi ne suka ƙera abinsu, cikin hira, da sunayen aro, sa'an nan masana suka biyo baya suna tambayar me ake nufi.

Daga bakan gizo zuwa ruwan toka

A wurinmu tuta alama ce ta iko. Mai iko ne ke ba da ita, wanda aka ba kuma ya san nauyin da ya hau kansa. Tutocin da muke magana a kansu ta wata hanya dabam suka biyo, kuma kakarsu ita ce tutar bakan gizo. Gilbert Baker, tsohon soja da ya koya wa kansa ɗinki, shi ya tsara ta a San Faransisko, da ƙarfafawar ɗan siyasar nan Harvey Milk, aka fara ɗaga ta ranar 25 ga Yuni, 1978. Kafin ita, alamar da masu neman jinsi ɗaya suka fi amfani da ita ita ce alwatika mai ruwan hoda, wadda 'yan Nazi suka riƙa liƙa wa irinsu a sansanonin gwale-gwale. Baker ya so a sami alamar da ba maƙiyi ne ya ƙirƙire ta ba. Tutarsa ta farko ratsi takwas gare ta, da hannu aka rina aka ɗinka, kowane launi da ma'anarsa, kuma na sama, mai ruwan hoda, shi ne na jima'i. Bayan an harbe Milk a watan Nuwamba na wannan shekara, bukatar tutar ta ƙaru, aka koma ɗinkin masana'anta, sai aka rasa yadi mai wannan launi da yawa a kasuwa, aka cire shi. A 1979 aka sake cire ɗaya, suka zama shida kamar yadda aka fi sani. Abin dariya ne a ce ratsin jima'i shi ne ya fara faɗuwa daga tutar, ba don wata hujja ta aƙida ba, sai don ƙarancin yadi.

Da tafiya ta yi tafiya, ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin bakan gizon suka ga inuwar ta yi faɗi har ba a ganin fuskokinsu. Michael Page ya tsara tutar masu son jinsi biyu a 1998, Monica Helms ta tsara ta masu sauya jinsi a 1999. Daga nan ƙofa ta buɗe.

'Yan AVEN sun shiga jerin gwanon San Faransisko a 2009, kuma wanda ya shiga taron tutoci ba shi da tasa, ba a san ya zo ba. A 2010 suka buɗe shawara, aka kawo zane iri-iri, aka yi ta tacewa, aka kaɗa ƙuri'a a intanet tare da gayyatar waɗanda ba 'yan zauren ba, aka sanar da sakamako a watan Agusta. (Kada mu yi saurin raina tutar da aka samu ta hanyar gasa. Tamu ta Nijeriya ma haka aka same ta a 1959, daga hannun wani ɗalibi, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan.) Wadda ta yi nasara ratsi huɗu ce a kwance: baƙi a sama domin marasa sha'awa, ruwan toka domin waɗanda ke tsakani, fari domin masu sha'awa daga cikin abokan zama da magoya baya, shunayya a ƙasa domin al'ummar kanta. A cikin ratsin nan na ruwan toka aka ajiye demisekshuwal, tare da wasu masu jin sha'awa jefi-jefi.

Tutar da muka buɗe wannan maƙala da ita daga wannan ta tsiro. Ba ta ƙara launi ko ɗaya ba, ba ta rage ba, kuma ma'anonin da ake ba launukan kusan su ne dai: baƙi rashin sha'awa, fari sha'awa, ruwan toka abin da ke tsakaninsu, shunayya al'umma. Abin da ta sauya shi ne rabon fili. Baƙin da ke da cikakken ratsi a tutar uwa ya tsuke ya koma alwatika a gefe, fari da ruwan toka suka mamaye yawancin ƙyallen. Wanda ya san tambarin AVEN na tun farko, alwatika mai kallon ƙasa wadda launinta ke tafiya daga fari zuwa baƙi, ba zai kasa tuna shi ba in ya ga wannan. Mu kuwa da aikinmu karanta alama ne, muna iya karanta tutar daga sanda zuwa baki kamar jimla: a farko baƙi ne ya cika tsawonta duka, yana tsukewa sannu a hankali har ya ƙare a tsini, kuma daidai inda ya ƙare nan ne layin dangantaka ya ɗauka. Wannan karatunmu ne, ba mu jingina shi ga kowa ba. Amma ya dace da abin da sunan ke da'awa, wato cewa lokaci yana cikin ma'anarsa. Akwai kuma 'yar'uwarta mai tsari iri ɗaya, sai dai ratsin tsakiyar kore ne, ta waɗanda ƙaunar zuciya ce, ba sha'awar jiki ba, take jiran shaƙuwa kafin ta zo musu.

Wani malami a Andalus

Masu sukar wannan suna suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa abin da ake bayyanawa tsohon abu ne, ruwan dare, wanda mutane da yawa, musamman mata, za su ce haka suke ba tare da sun nemi tuta ba. Wasu suna ƙarawa da cewa sunan yana ɗauke da ɓoyayyen yabon kai, kamar ana nufin sauran jama'a fuska kawai suke bi. A cikin masu bakan gizo ma akwai masu tambayar ko namijin da ya ƙare da auren mace, ba wata doka da ta taɓa farautarsa, yana da gurbi a jerin gwanon da aka kafa domin waɗanda aka ɗaure aka kuma kora daga aiki.

Cewa abin tsoho ne, wannan adabi ma shaida ne. Ibn Hazmi na Ƙurɗuba, wanda aka haifa a 994 ya rasu a 1064, malamin fiƙihu ne na mazhabar Zahiriyya, amma kafin manyan littattafansa ya rubuta wata risala a kan soyayya, Ɗauƙul Hamama, a garin Shaɗiba wajajen 1022, bisa roƙon wani abokinsa. Babi 30 gare ta, kuma kwafi ɗaya tak ya tsira, yana Leiden ta ƙasar Holan, daga shi aka buga ta a 1914. A cikin babobin farko ya jera hanyoyin da so ke shiga zuciya: a mafarki, ta jin siffa, ta kallo ɗaya, sa'an nan ya keɓe babi guda domin wanda ba ya so sai bayan doguwar cuɗanya. A nan ne ya sa kansa a ciki. Ya nuna cewa shi so bai taɓa kama shi ba sai bayan dogon zama da mutum, cikin wasa da cikin gaske, kuma yana mamakin masu da'awar so daga kallo ɗaya, yana ganin abin da ya same su sha'awa ce kawai.

Wanda ya karanta wannan babi zai ji kamar ya ɗauki tutar nan ya rataya wa malamin. Kada a yi. Idan aka duba da kyau, Ibn Hazmi bai ce sha'awa ba ta zuwa da kallo ɗaya ba. Cewa ya yi abin da ke zuwa da kallo ɗaya sha'awa ce, bai kai a kira shi so ba. Wato shi so ne yake jinkirtawa, ya bar wa sha'awa saurinta. Masu tutar kuwa sha'awar ce kanta suke cewa tana jinkiri a wurinsu. Malamin yana fifita wani irin so a kan wani, su kuma suna ba da rahoton yadda jikinsu yake. Nan ne bambancin yake, kuma shi ne dai bambancin mai azumi da wanda bai ji yunwa ba. Yawancin waɗanda ke cewa ai kowa ma haka yake, in aka matsa musu da tambaya, maganar Ibn Hazmi suke yi: ba za su kusanci wanda ba su sani ba, ba za su ba shi zuciyarsu ba. Amma in aka tambaye su ko sun taɓa ganin baƙo ko tauraruwar fim suka ji wani abu ya motsa, za su yi murmushi. Wannan murmushin shi ne masu tutar suke cewa ba su san shi ba.

Harshenmu ma ya san hanyoyin biyu. Muna cewa so gamon jini ne, muna kuma cewa sabo turken wawa. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 cike suke da saurayin da ya hangi yarinya sau ɗaya a wurin biki ya kasa barci, kamar dai yadda Romiyo ya hangi Juliyet a walimar gidansu. Marubuci yana son kallo ɗaya domin yana tayar da labari a shafi guda, sabo kuwa ba ya rubutuwa da sauƙi. Saboda haka wanda ya tashi yana karanta irin waɗannan, ko yana kallon finafinan da aka gina a kansu, bai kuma taɓa jin abin da suke siffantawa ba, ba abin mamaki ba ne ya zaci wani abu ya lalace a jikinsa.

To me ya sa sai a 2006, kuma sai a Amurka? A nan muna ganin amsar tana ga yanayin neman aure da abota, ba ga halittar mutane ba. A al'ummar da ake sa ran kowa ya kame kansa kafin aure, wanda ba ya jin komai ba ya fita daban. Yabo ma yake sha a kan haƙurin da bai yi ba. Matsalarsa, in akwai, sai bayan an ɗaura aure take bayyana, musamman in da baƙo aka haɗa shi, a cikin ɗakin da ba a ba da labarinsa. Amma a al'ummar da ta wayi gari, tun daga shekarun 1960, tana ɗaukar saurin sha'awa a matsayin alamar lafiya da 'yanci, inda ake sa ran saurayi da budurwa su san matsayinsu bayan fita biyu ko uku, mai jinkiri shi ne bare. Ana ce masa mai sanyi, ko mai girman kai, ko mai ɓoye wani abu. Halin ɗaya ne, amma a wuri ɗaya ya saje da tarbiyya ya ɓace, a wani wurin ya tsaya tsirara har ya bukaci suna. Masanin falsafa ɗan Kanada, Ian Hacking, ya yi bayani a wata maƙala ta 1986 cewa suna da mai suna tare suke girma: a sa wa mutane suna, su karɓa, su fara fahimtar rayuwarsu da shi, sunan ma ya sauya saboda su. Wannan bai sa abin da suke ji ya zama ƙarya ba. Amma yana nufin ba za a iya raba tarihin halin da tarihin wurin da aka raɗa masa suna ba.

Yadda kalmar ta fita gari

Hanyar da kalmar ta bi ta fita daga zauren da aka haife ta ita ma tana ƙarfafa wannan fahimta. Ba ta kotu ta bi ba. Dokar jihar New York ta hana wariya, wadda aka zartar a 2002, ta ambaci marasa sha'awa, amma a lokacin kalmar da muke magana a kanta ba ta ma zo duniya ba. Ta shafukan neman masoya ta bi. A 2014 OkCupid ya ƙara ta cikin jerin abin da mutum zai iya bayyana kansa da shi, Tinder ya biyo baya a 2019. A 2021 Michaela Kennedy-Cuomo, 'yar gwamnan New York na lokacin, ta bayyana a fili cewa da wannan suna take kiran kanta, jaridu suka yi ta rubuta bayanin kalmar domin masu karatun da ba su taɓa jin ta ba. A shekarar ce kuma aka fara ranar marasa sha'awa ta duniya, 6 ga Afrilu, wadda ta haɗa da masu wannan tuta. A watan Maris na 2022 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmar, shekara 16 bayan raɗa ta.

Shigarta Tinder ita ce ta fi ɗaukar hankalinmu. Manhajar, wadda aka ƙaddamar a 2012, an gina ta ne a kan hoto: a nuna maka fuska, ka ja ta dama da yatsa in ta yi maka, ka ja ta hagu in ba ta yi ba, duk cikin ƙiftawar ido. Ita ce sha'awar farko tsantsa, an mai da ita na'ura. Wanda ya rubuta demisekshuwal a ƙarƙashin hotonsa a irin wannan wuri, sanarwa yake yi ga mai kallo cewa shi hoto ba ya gaya masa komai, in za a yi tafiyar sai an yi haƙuri da watanni na hira, kuma ko bayan watannin ba a yi alkawarin komai ba. Wasu suna ganin kalmar su wuce. Wasu kuma sukan tsaya su tambayi ma'anarta, hirar ta fara daga nan.